Takardar da Yaya Ya Gyara

Yayana bai taɓa riƙe aikin ofis ba ko na wuni ɗaya, amma kowa Akawu yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar babban ofishin gari, mai hoton fasfo a damansa, ni a bayansa. Shi yana buga wa mutane takardu, ni ina sayar da ambulan da fayil da biro da gam. In ya gama bugawa sai ya miƙo mini ta kan kafaɗa, ko waiwaye ba ya yi, in ninke, in sa a ambulan, in liƙe, in rubuta adireshi. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa. Wani in ya faɗa kuwa, sai mun yi da shi.

Mutum ne siriri mai tsabta har ta yi yawa. Rigarsa kullum a goge, maɓalli har wuya ko da rana tana dafa mutum, biro uku a aljihu, alhali ban taɓa ganin ya rubuta wani abu da hannu ba in ba sa hannu ba. Da tafireta ya fara, da yatsu biyu kamar kaza tana tsattsaga. Da zamani ya juya ya sayi tsohuwar kwamfuta da injin bugawa, amma hannun nasa bai san an canja ba, har yau dukan maɓallan yake yi kamar sun yi masa laifi. Mai hoto yakan tsokane shi wai wata rana kwamfutar za ta kai ƙararsa, kuma shi za ta kawo wa ya buga mata takardar ƙarar.

Ga yadda yake aiki. Mutum zai zo ya zauna a benci da damuwarsa cike da baki, ya fara daga farko: yadda aka yi, wanda ya ce, ranar da aka kore shi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Kafin ya yi nisa Yaya ya ɗaga hannu.

"Abu uku nake so," in ji shi. "Sunanka, wa ake rubuta wa, me kake nema. Sauran ka riƙe abinka."

Daga nan sai ya buɗe abin da yake kira uwar takarda. Wata wasiƙa ce da ya tsara tun shekarar da ya fara zama a rumfar, yana gyara ta yana gogewa har ta yi santsi. Tana farawa da "Ranka ya daɗe, cikin ladabi da biyayya da ƙanƙan da kai nake gabatar da wannan 'yar takarda tawa gaban ofishinka mai albarka," ta ƙare da "in aka dube ni da idon rahama, na yi alkawarin ba zan ba da kunya ba." A tsakiya akwai gurbi uku, ya cusa suna, ya cusa ofis, ya cusa buƙata. Shi ke nan.

Kada ku yi dariya, don takardar nan ta yi aiki. Da ita masu gadi suka sami aiki, da ita tsofaffi suka karɓi fanshonsu, da ita aka ja wa wata unguwa famfo. Na ga mutane sun dawo suna sa masa albarka har da hawaye. Yakan ce mini, "Manya ba sa son labari. So suke su ga ka san girmansu." Ni ma na yarda da shi, shekara da shekaru ina liƙe ta ina ganin tana buɗe ƙofa.

'Ya'yansa uku. Manyan biyu maza ne, karatu bai karɓe su ba, ɗaya direba, ɗaya yana aikin gini. Sai Auta, wadda ta zo bayan kowa ya fid da rai. Ita a rumfar ta girma. Daga makaranta nan take wucewa, ta zauna a kan kwalin fayil ɗina tana aikin gida, kunne kuwa yana kan benci. Abin da uban ya hana mutane faɗa, ita suke faɗa wa a lokacin da suke jiran injin ya fitar da takarda. Tun tana aji biyu a sakandare ta lura cewa rabin masu zuwa suna dawowa bayan mako, ba don takardar ta ɓaci ba, sai don ba su san ƙofar da za su kai ta ba. Sai ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi a wurina ta fara rubutawa: fansho ƙofa ta uku hawa na biyu, Talata da Laraba kaɗai, a zo da hoto biyu, takardar haihuwa kada a je bayan azahar, mai hatimin ba ya dawowa. Ta bi masinjoji da masu shara tana tambaya har littafin ya cika ta sake wani. Mutane suka riƙa zuwa takanas suna cewa a duba musu littafin Auta. Uban yana jin daɗi, amma bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, wasan yara yake ce masa.

Shekararta ta ƙarshe a sakandare ta zo mana da maganar wata kwaleji. Ta koyon shari'a ce da aikin mulki, a babban birni, tafiyar rabin wuni a mota. Dubbai ke nema, sittin ake ɗauka. Makarantar ce ke ɗaukar nauyin komai, karatu da ɗaki da littattafai, mu kuwa ba mu da ƙarfin wata in ba irinta ba. Kuma sau ɗaya ake nema, a shekarar da ɗalibi yake gama sakandare. In ta wuce ta wuce.

Na ce mata, "To ke da kike ta ɗaya tun aji ɗaya, me kike tsoro?"

Ta ce, "Gwaggo, duk wanda ya nema shi ne na ɗaya a makarantarsu. Malamarmu ta ce sakamako kowa yana da shi, ba shi zai raba mu ba. Akwai takardar da kowa zai rubuta a kan kansa, shafi biyu ko uku. Ta ce mutanen can suna karanta dubbai, idonsu ya gaji, duk suna kama da juna. Wanda ya rubuta abin da ba wanda zai iya rubutawa sai shi, shi za su tuna."

"Kamar me?"

"Abin da ka yi da hannunka, da abin da ka gani da idonka. Ta ce kada mu yabi kanmu, kada mu yabe su, kada mu ari bakin kowa."

Yaya yana ji yana buga wa wani takardar neman rumfa a kasuwa. Ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce, "Kada a yabe su. Wannan malama ba ta taɓa neman komai a ofis ba."

Mako uku Auta tana rubutun nan. A kan kwalin, a gida, a cikin mota. Ta rubuta ta yage, ta kai wa malamar, ta dawo ta sake. Ta rame har uwarta ta fara faɗa. Na tambaye ta me take rubutawa haka, ta ce in ta shiga makarantar za ta karanta mana ni da Baba, yanzu kunya take ji.

Dokar makarantar ita ce a aiko da takardar a buge, tare da fom, ta gidan waya. Ranar Alhamis ce ranar ƙarshe, kuma kafin sha biyu motar gidan waya ke tashi. A ranar kuwa Auta tana da jarrabawarta ta ƙarshe. Da sassafe ta biyo rumfar da kayan makaranta, ta ajiye fom ɗin da ta riga ta sa wa hannu, da shafi huɗu na rubutun hannunta.

"Baba, don Allah yadda na rubuta. Malama ta ce kada a taɓa ko kalma ɗaya."

Ya ce, "To. Je ki kada ki makara."

Ta tafi da gudu. Ya gyara tabarau, ya ɗauki shafin farko. Ina bayansa ina jera ambulan, sai na ji shiru, ba ƙarar maɓalli. Can ya miƙo mini ta kan kafaɗa.

"Karanta ki ji abin da 'yarki ta rubuta."

Layin farko cewa ya yi: "Babana yana buga takardu a bakin titi, kuma ba ya barin kowa ya gama magana."

Nan zan faɗi nawa laifin, don ban zauna ba da labarin nan don in wanke kaina ba. Ni ce na fara magana. Na ce, "Haba, wannan ai tonon asiri ne." Ni na faɗa, da wannan bakin nawa da ba ya zama a rufe.

Ya karɓi takardar ya sake duban layin. Kunnuwansa har sun yi ja. Ba zagin ne ya dame shi ba, na san Yaya. Ya ce, "Ba gaisuwa, ba ranku ya daɗe, ba komai. Mutanen da suka ƙoshi da ilimi za a aika wa wannan? Su ce 'yar bakin titi ce, ba ta da tarbiyya. Yarinya ta sha wahala shekara shida, malama ta zo ta kai ta ta baro."

Bai buɗe shafi na biyu ba. Bai taɓa karanta rubutun kowa har ƙarshe ba, ba haka yake aiki ba. Ya ja aljihun tebur ya sa shafukan huɗu a ciki, ya buɗe uwar takarda. Suna, makaranta, abin da ake nema. Ya ɗauko wata farar takarda mai kauri da yake ɓoyewa tun shekaru, wadda ko manyan 'yan kasuwa ba ya buga wa a kanta. Ya karanta abin sau uku yana bin layi da yatsa. Wallahi ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Mafi kyawun abin da ya mallaka a duniya ya ba ta. Ya miƙo, na ninke, na liƙe, na ce masa yanzu ta yi kama da takardar mutanen kirki. Da kansa ya kai gidan waya.

Abin da ban kawo a raina ba, shi ma bai kawo ba, shi ne sauran. A makon nan iyayen ɗalibai huɗu 'yan ajin su Auta sun kawo masa na 'ya'yansu, wai uban gwanar aji ne, hannunsa da albarka. Kowanne ya zo da rubutun hannu, kowanne Yaya ya tambaye shi abu uku, ya buga masa uwar takarda. Iyayen suka karanta suka ji kalmomi masu nauyi, suka tafi suna godiya. Ni na liƙe duka huɗun.

Da yamma Auta ta dawo tana tambaya, "Baba, ka buga?"

"Na buga, ta tafi."

Ta yi tsalle ta rungume ni, don shi ba a rungumarsa. Ni da shi ba mu dubi juna ba. Ba wai muna jin mun yi laifi ba ne. Gani muke mun yi mata alherin da sai ta girma za ta gane.

Wata biyu muna jira. Adireshin rumfar ta bayar, don haka kullum tana nan, ta gama makaranta, tana duba wa mutane littafinta, ido yana kan hanya. Ranar wata Litinin ma'aikacin gidan waya ya kawo ambulan mai tambarin makarantar. Mai hoto har ya ɗauko kyamara wai zai ɗauke ta tana buɗewa. Ta zauna a benci ta buɗe. Na ga idonta ya bi layukan ya koma sama ya sake bi. Mai hoto ya sauke kyamarar a hankali ya koma rumfarsa.

Takardar gajera ce. Ta ce an sami rubutun Auta ya yi daidai kalma da kalma da na wasu masu nema huɗu daga makaranta ɗaya. Makarantar tana ɗaukar wannan a matsayin kwafi. An cire sunayen su biyar, kuma ba za a sake karɓar takardarsu ba.

Auta ta ɗago ta dube ni. Ba kuka take ba, ruɗewa ta yi.

"Gwaggo, kuskure suka yi. Ta yaya wani zai rubuta labarin Babana?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Yaya ya daɗe yana kallon allon kwamfuta. Sannan ya ja aljihun tebur, ya fito da shafukan huɗu, ya ajiye su a kan benci kusa da ita.

Ta dube su. Ta ɗauka ta juya, kamar tana neman wani bayani a bayansu. Ta ce, "Wacce ta tafi?"

Ya ce, "Tawa."

Ta ajiye shafukan inda ya ajiye su, ta gyara mayafinta, ta tafi gida a ƙafa, tafiyar da a mota muke yin ta.

Washegari iyayen nan huɗu suka zo mana ɗaya bayan ɗaya. Wata uwa ta tsaya a bakin rumfar ta wanke Yaya tas a gaban jama'a, ya sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri. Na so in tuna mata yadda ta yi ta shi masa albarka ranar da ta karɓa, amma me zai ƙara? 'Yarta ita ma ta rasa. Malamar su Auta ta zo daga baya, wata 'yar siririya mai ciki, ta zauna a benci ta dafe kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce abu ɗaya ya rage, a je can da ƙafa, a kai rubutun hannun, a faɗi gaskiya. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Auta ta ce ba za ta iya zuwa ba. Ni da Yaya muka shirya. Ana gobe za mu tafi na ji yana dukan maɓalli, na leƙa ta kafaɗarsa. Me zan gani? "Ranka ya daɗe, cikin ladabi da biyayya da ƙanƙan da kai." Raina ya yi mummunan ɓaci.

Na ce, "Yaya, kana da hankali kuwa? Ita ce ta kashe mu, ita kuma za ka sake ɗauka ka kai musu?"

Ya cire hannunsa daga kan maɓallan ya ɗora a cinya. Ya ce, "To da me zan je? Ban san wata ba."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Mutum mai shekara sittin, wanda rabin garin nan ya ara wa baki, ga shi ba shi da na kansa.

Mun isa makarantar da hantsi. Katanga ce doguwa, da bishiyoyi, da ɗalibai suna wucewa da littattafai a ƙirji, duk wadda na gani sai in ga Auta. Mai gadi ya tura mu wani gini, can aka ce ba nan ba ne, muka hau bene muka sauko. Duk ƙofofin da ke cikin littafin Auta, babu ta nan ko ɗaya. A ƙarshe aka nuna mana benci a wani dogon baranda, muka zauna har azahar ta wuce. Yaya yana rungume da fayil, rigarsa a goge, biro uku a aljihu. Ruwa ma ya ƙi sha.

Wadda ta gan mu wata dattijuwa ce mai furfura a goshi, tebur ɗinta cike da fayil har ba a ganin katakon. Ta ba mu kujera. Yaya ya ƙi zama, ya tsaya ya haɗa hannu ya fara, "Ranki ya daɗe, cikin ladabi da biyayya..."

Ta ɗaga hannu, daidai yadda yake ɗaga wa mutane. Ta ce, "Baba, na san wannan, sau biyar na karanta ta. Zauna ka faɗa mini abin da ya faru."

Ya zauna. Ya buɗe baki ya rufe. Ni na ba da labarin, tun daga rumfar har aljihun tebur, har maganar tonon asirin da na yi ban ɓoye ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta miƙa hannu, ya ba ta shafukan huɗu.

Ta karanta a hankali. A shafi na biyu ta yi ɗan murmushi, ina jin inda aka yi maganar mai hatimi ne. A na uku ta cire tabarau ta goge ta mayar. Da ta gama ta dube shi.

"Ka karanta wannan?"

"Layin farko, ranki ya daɗe."

"To saurara."

Ta ɗauki shafin ƙarshe ta karanta a fili. Ban haddace duka ba, amma wannan ya zauna mini: "Na daɗe ina jin haushin babana don ba ya barin mutane su gama magana. Sai da na fara shiga ofisoshin nan da littafina na gane dalili. A bayan katangar ba mai jiran talaka ya gama magana, shi ya sa yake ba su kalmomin da ya san ƙofa tana buɗuwa da su. Shi ma ban taɓa ganin wanda ya tambaye shi tasa damuwar ba. Ina so in yi karatu in shiga bayan katangar nan, in sami tebur, wanda ya zo in ce masa ya faɗa mini duka. Ranar da na fara aiki, babana zan fara zaunarwa."

Ban dubi Yaya ba, na kasa. Hannunsa kawai nake gani a kan gwiwarsa, yatsun nan biyu suna motsi.

Matar ta ajiye takardar. Ta ce, "Ba ni kaɗai ke zaɓa ba, mu bakwai ne. Amma da wannan ce ta zo, da sai inda ƙarfina ya ƙare a kanta. Irinta muke tonon dubban takardu muna nema."

Na ce, "To ga ta ta zo, ranki ya daɗe. Ga rubutun hannunta, ga uban ya amsa laifinsa. Yarinyar ba ta san komai ba."

Ta ce, "Na yarda da ke. Amma an rufe, mako uku ke nan. Mutum sittin sun karɓi takardarsu, wa zan cire? Kuma duk wanda aka kama da kwafi cewa yake wani ne ya yi masa, shi ya sa dokar ba ta duban dalili. Zan kai gaban sauran, wannan na yi muku alkawari. Amma ba zan ɓoye muku ba, shekarata goma sha tara a nan ban taɓa ganin an janye ba."

Yaya ya zame daga kujerar zai durƙusa. Ta miƙe da sauri ta ce don Allah kada ya yi, ya girme ta. Ta sa aka ɗauki hoton shafukan, ta mayar masa da na asalin. A mota muna komawa gida ya tambaye ni ko na ji inda Auta ta ce shi za ta fara zaunarwa. Na ce na ji.

Matar ta cika alkawari, don bayan wata ɗaya amsa ta zo. Layi biyu ne. Sun duba, hukuncin yana nan yadda yake.

Yanzu shekara guda ke nan da 'yan watanni. Auta tana koyar da ƙananan yara a wata 'yar makaranta a bayan gidansu. Tana gaishe da ubanta da safe, tana wanke masa riguna tana gogewa, in uwarta ba ta da lafiya ita ke kawo mana abincin rana. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ma ta yi masa faɗa, da ma ni ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Littattafanta biyu suna nan a kan kwalin inda ta bar su. In mutane suka tambaya ni nake duba musu, amma an canja ƙofofi da yawa tun daga lokacin, ba mai gyarawa.

Yaya yana nan yana aiki. Uwar takarda tana nan, da ita yake bugawa, don ofishin da ke bayanmu har gobe ita yake so, kuma mutane suna da buƙata. Sai dai ya daina ɗaga hannu. Mutum zai yi ta magana, shi yana kallon allo, ban san ko ji yake ba.

Makon jiya, ranar da ba kowa a benci, na ji ya ja aljihun tebur. Ya fito da shafukan huɗu ya jingina su a jikin kwamfuta. Ya fara bugawa, a hankali, ba dukan maɓalli, yana bin kowane layi da yatsa. Wuni guda ya yi a kan abin da yakan gama kafin shayi ya huce. Wani ya zo da takardar fansho ya ce masa ya dawo gobe. Bai canja kalma ɗaya ba, har layin farkon. Ya ɗauko ragowar farar takardar nan mai kauri ya buga a kai.

Ya miƙo mini ta kan kafaɗa. Na ninke, na sa a ambulan, na liƙe. Na ɗauki biro zan rubuta adireshi, hannuna ya tsaya.

Na ce, "Yaya, wa ake rubuta wa?"

Bai waiwayo ba. Na jira har mai hoto ya fara rufe rumfarsa, bai amsa ba. Ambulan ɗin yana nan cikin kwalina a ƙarƙashin littattafan Auta, bayansa fari.